Ranar da Muka Tsige Baba Katikis

Cocinmu ƙaramin cocin Katolika ne a wajen Doka da ke Kaduna, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a wannan ɓangare na kogi bayan rigingimun da suka raba garin gida biyu. Yawancin mutanenmu sun kwashe kayansu sun tsallaka gada tun tuni. Ranar Lahadi suke dawowa a motoci, su yi sujadar Turanci ta ƙarfe bakwai, kafin rana ta yi zafi sun sake tsallakawa. Mu da muka zauna, akasarinmu Hausawa ne, iyayenmu daga ƙauyukan Kano da Katsina suka fito, kuma tamu sujadar ta Hausa ƙarfe tara da rabi ake yi. A unguwa ana mamakin ganin Bahaushe Kirista, a coci kuma ana yi mana kallon waɗanda ƙafarsu ɗaya ke waje. Mun saba.

Ni ne sakataren kwamitin coci a lokacin. Ba don na fi kowa tsoron Allah aka zaɓe ni ba. Ma'aikacin gwamnati ne ni, ina jin Turanci da Hausa, na iya buga takarda, kuma ba ni da musu. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge Ciyaman, wato shugaban kwamitin.

Ciyaman tsohon darakta ne a ma'aikatarmu. Ya yi ritaya, amma ritayar ba ta kai bakinsa ba, don har lokacin in ya ɗaga waya ana iya mayar da mutum wata ƙaramar hukuma da ko hanyar mota ba ta da. A Kaduna ya girma, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, sai dai ba ya yin ta a coci sai zai yi wa wani faɗa. Yana cikin wata ƙungiya ta manyan coci masu sa baƙaƙen kaya da hula mai gashin tsuntsu, su rataya takobi. Ranar biki in ya shigo da takobin nan yana karo da benci, sai ka rantse shi ya ci garin da yaƙi. Yana da wani ƙaton littafin dokokin ikilisiya da yake zuwa da shi kowane taro, ya ajiye a gabansa, ya ɗora tabarau a kai. Shekara huɗu ina zaune kusa da littafin nan, ban taɓa ganin cikinsa ba.

Shi kuwa Baba Katikis, wato malamin da ke koyar da addini yana taimaka wa Fada mai limancin cocin, mutumen ƙasar Katsina ne, dogo, siriri, kullum cikin farar riga da hula. Ya fi shekara talatin a kan aikin. Shi ya shirya ni baftisma, shi ya koya wa matata addu'o'i kafin aurenmu, shi ya tsaya a bakin kabarin mahaifina. Lokacin da ba wani Fada da ke yarda ya kwana a wannan ɓangare na gari, shi yake buɗe coci ya ja mu addu'a, ko mu goma ne. A Rafin Guza yake zaune, tsakiyar kafintoci da masu walda da 'yan tireda, kuma a kwanakin tashin hankali maƙwabtansa Musulmi ne suka zauna a ƙofar gidansa suka ce ba mai shiga.

Abin da ya haɗa shi da Ciyaman ƙarami ne, in ka ji shi a baki. Wata kakar zaɓe Ciyaman ya kawo wani ɗan takara sujadar Hausa, ya ce zai gaisa da jama'a. Fada ba ya nan. Mutumin ya hau wajen karatu ya fara lissafa titunan da zai yi. Baba ya tashi a hankali, ya je ya zare wayar lasifika daga bango, ya ce, "Yallaɓai, nan wurin maganar Allah ne. In an tashi, ga inuwar darbejiya can waje, kowa zai saurare ka." Mata suka yi dariya a cikin gyale. Ciyaman ya ajiye abin a ransa kamar yadda ake ajiye daddawa, yana ƙara wari.

Baba yana da 'ya mace, ma'aikaciyar jinya, ta kusa shekara talatin. Ta ce ita wani direba Bakano take so, Musulmi, mai jigilar kaya zuwa kudu. Baba ya yi shekara guda yana lallashi, ta ce ta ji, amma ba ta fasa ba, kuma ba za ta bar addininta ba, shi ma mijin ya yarda da haka. Da Baba ya ga ba makawa, sai ya bi hanyar da ya sha koya wa wasu. Ya je wajen tsohon Fadanmu, Fada ya zauna da yarinyar da saurayin sau uku, sannan ya rubuta wa ofishin bishop yana neman izini, don ikilisiya tana da hanyar da take ba da izinin irin wannan aure in an cika sharuɗɗa. Ni na buga wasiƙar da hannuna. Da amsa ta zo an yarda, ni na huda ta na sa a fayil, na kulle a kabad ɗin ofis, aka ba Baba kwafi. Bayan wata biyu aka yi wa tsohon Fada canjin wuri, aka kawo mana wani sabo, matashi daga can kudu, mutumin kirki, amma ko "sannu" sai ya yi tunani kafin ya faɗa.

Aka ɗaura aure a ƙofar masallacin unguwa, ƙanen Baba wanda yake Musulmi ya yi walicci. Baba ya zauna a tabarma cikin dattawa, kamar yadda kowane uba zai yi. Da liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, shi ma ya ɗaga. Da aka shafa, ya shafa. Wani ya ɗauka a waya. Kafin azahar hoton ya shiga zauren cocinmu na waya, da rubutu a ƙasa wai a zo a ga katikis ɗinmu a sabon gidansa.

Na ga abin mamaki a kwanakin nan. Mutanen da rabonsu da Rafin Guza shekara goma sha, kowa ya zama shaida. Wannan ya ce dama ya daɗe yana ganin take-takensa. Waccan ta ce an ce yana azumin watan Ramadan a ɓoye. Wani da ya kwashe iyalinsa ya gudu ya bar Baba da makullin coci, shi ne ya rubuta doguwar magana a kan tsayawa ga bangaskiya ko da za a mutu.

Ranar Lahadi bayan sujada Ciyaman ya kira taron gaggawa. Mu tara ne, da Fada na goma. A ajin koyon addini muka zauna, ajin Baba, rubutunsa na alli yana kan allo ba a goge ba. Shi kuma yana waje, ƙarƙashin darbejiya, yana koya wa wasu tsofaffin mata uku addu'ar tuba. Daga inda nake zaune ina hango hularsa ta taga. Tsakaninmu da shi bai fi taku ashirin ba.

Ciyaman ya miƙa wa Fada waya ya kalli hoton, sannan ya yi bayani da Turanci mai nauyi. Ya ce tsohon ya ba da 'yarsa ta bar addini, ya shiga sahu ya yi salla a bainar jama'a, ya zama sanadin tuntuɓe ga raunana. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Da yake rabin 'yan kwamitin ba sa jin Turanci sosai, Fada kuma ba ya jin Hausa, sai ya zama shi ne tafinta kuma. Ban taɓa ganin mutum ɗaya ya sa riguna huɗu a rana ɗaya ba tare da ya yi gumi ba sai ranar.

Shugabar mata, wata mai sayar da atamfa a kasuwa, ita kaɗai ta yi motsi. Ta ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, ga shi can fa a waje. Ba za a kira shi a ji ta bakinsa ba?"

Ciyaman ya ce, "Mama, gani ya kori ji. Me zai faɗa wanda hoton nan bai faɗa ba?"

Fada ya tambaya me ta ce. Ciyaman ya juya ya ce masa wai tana cewa mata sun ji kunya ƙwarai. Ina zaune ina ji. Sai Fada ya tambaya ko an yi magana da tsohon. Ciyaman ya ce an yi, ba shi da abin cewa.

A nan ne na ɗan ɗaga hannu. Ban ɗaga shi sosai ba, iyakarsa kafaɗa, irin ɗagawar da in an tambaye ka za ka iya cewa ƙeya kake sosawa. Na ce, "Yallaɓai, akwai wata takarda a…"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sakatare, rubutu aka ce ka yi ko shari'a?"

Na sauke hannu. Makullin kabad yana cikin aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Ofishin yana bayan bangon da na jingina da shi. A lokacin ana maganar ƙarin girma a ma'aikata, sunana yana cikin jerin. Ba zan ce ban yi wannan lissafin ba. Na yi shi, kuma cikin ƙiftawar ido na gama.

Aka yanke hukunci: an sauke shi daga aikin katikis, ba zai karɓi Jibi ba, wato gurasa mai tsarki da ake rabawa a sujada, har wata shida, kuma zai riƙa zama a bencin baya. Aka ɗaga hannu, bakwai suka yarda. Shugabar mata ta naɗe hannuwanta a ƙirji ta kalli rufi. Ni ba na jefa ƙuri'a, ni mai rubutu ne, kuma na yi shekaru ina fakewa da wannan. Fada ya sa hannu yana ɓata fuska. Aka rufe da addu'a, Ciyaman da kansa ya ja, ya roƙi Allah ya ba mu zuciyar tausayi. Duk abin bai kai minti arba'in ba. Da muka fito, Baba ya ɗago ya ce, "An gama lafiya? In kulle ajin?"

Ni aka ba wasiƙar in kai.

Litinin da la'asar na tafi Rafin Guza. An yi ruwa, lungun duk caɓi, sai da na bar mota a bakin titi na bi ta kan duwatsun da aka jera. Na same shi a zaure yana gyara ƙafar wata kujera, maƙwabcinsa kafinta yana riƙe masa. Muka gaisa, ya tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa masa ambulan. Ya jujjuya takardar ya ce, "Turanci ne. Karanta mani, ɗana."

Haka na tsaya na fassara masa hukuncinsa, layi bayan layi, da bakina. Kafinta ya so ya tashi ya ba mu wuri, Baba ya ce ya zauna, ai a gabansa aka ɗaura auren.

Da na gama ya ce, "Mi na yi?"

Na ce, "Baba, hoton nan ne na ranar ɗaurin aure."

"Hoton ya ce na yi salla?"

"Haka suka fahimta."

"Wa ya tambaye ni?"



Ya ajiye guduma. Bai ɗaga murya ba, irin muryar da yake koyarwa da ita ya yi magana. Ya ce, "Kai na koya maka, ko ka manta? Kakanmu na farko da ya ci abin da aka hana shi, Allah yana kallonsa ya ci. Ba labari aka ba shi ba. Amma bai kore shi daga gonar ba sai da ya kira shi, ya tambaye shi, ya bar shi ya kawo hujjarsa, duk da hujjar banza ce. Ya tambayi matar ita ma. Allah da ya san kome ya yi tambaya. Ku da ba ku san kome ba, kun fi ƙarfin tambaya."

Kafinta ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Mu ko alƙalin ƙauye ne, sai ya ce ina wanda ake ƙara."

Baba ya shiga ciki ya fito da wata leda, ya zaro kwafin takardar izinin, a ninke, da hatimin ofishin bishop. Ya ɗora mini a gwiwa. "Wannan fa? Wa ya buga wasiƙar da ta jawo ta?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Kana wurin jiya?"

"Ina wurin."

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa." Ya karɓe takardarsa ya mayar cikin leda.

Na ce masa ya kai wa Fada ita gobe, magana ta ƙare. Har na ce zan zo in ɗauke shi a mota. Kun ga jarumtaka: ina so tsoho ya je ya yi abin da na kasa yi da makulli a aljihu. Ya ce, "A'a. Ina bakin ƙofa ba a kira ni an ji laifina ba. Ba zan je ina ƙwanƙwasa ƙofa a ji gaskiyata ba. Bencin baya ma cikin ɗakin Allah yake." Baba ma yana da nasa taurin kan, ba waliyyi ba ne. Amma ba ni ne zan faɗa masa haka ba a ranar.

Lahadi aka karanta sanarwa a sujada biyun, da Turanci da Hausa, dalla-dalla, ba a tsallake kalma ba. Baba ya zo da farar rigarsa ya zauna a baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Da aka tashi karɓar Jibi, mutane suka bi ta gabansa suna kallon ƙasa. Aikinsa kuwa aka ba wani surukin Ciyaman da ya yi kwas na wata uku. Mutumin in yana karatun Hausa kamar mai tafiya a kan ƙaya ba takalmi. Ya taɓa karanta "ɓata" a matsayin "bata", tsofaffi suka yi ta tambayar juna wace ce za a ba, kuma me za a ba ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu gaisuwar bayan gida. Mutum ya ɗaga hannu a kwamiti, sannan ya lallaɓa bayan coci inda ba mai gani ya kama hannun Baba ya ce, "Wallahi Baba, abin nan bai yi mana daɗi ba, sai haƙuri." Ni ma ina cikinsu. Har lemo na taɓa kai masa.

Wata biyu aka yi a haka. Ƙarin girmana ya fito.

Gaskiyar ba ta bakina ta fito ba, kuma ba na so wani ya ɗauka haka. Ɗaya daga cikin tsofaffin matan da Baba ke koyarwa ta kwanta ciwon ajali a Rafin Guza. Aka kira Fada ya zo ya shafa mata mai mai tsarki, kamar yadda ake yi wa wanda ciwonsa ya yi tsanani. Da ya isa da hantsi, ya tarar da Baba a durƙushe a gefen tabarma yana ja mata addu'a, don ta ce ba ta son muryar kowa sai tasa. A ɗaya gefen kuma wata mata tana gyara mata ƙarin ruwa, da carbinmu mai gicciye a wuyanta. Da aka gama, matar ta bi Fada har bakin mota ta yi masa magana da Turancin da ba ya bukatar tafinta. Ta ce ita ce 'yar da aka ce ta bar addini. Ta ce kowace Lahadi tana sujada a wani coci kusa da asibitin da take aiki, don ba za ta iya zama ta ga ubanta kusa da tsintsiya ba. Ta ce in yana son takarda, ya tambayi sakatarensa.

Da yamma Fada ya kira ni ofis. Ya ce in buɗe kabad. Na buɗe, hannuna ya tafi kai tsaye kan fayil ɗin, ko lalube ban yi ba, kuma ya lura. Ya karanta a tsaye. Ya tambaye ni ko na san da ita ranar taro. Na ce na sani. Ya tambaye ni abin da shugabar mata ta faɗa a ranar, ainihin abin da ta faɗa. Na gaya masa.

Ya zauna ya dafe kai. Ya ce abu na farko da aka koya musu a kan horo a ikilisiya shi ne ba a hukunta mutum ba a ji shi ba, kuma mai ƙara ba ya zama alƙali. Ya ce kwamiti ma ba shi da ikon hana kowa Jibi, shi ne ya ara musu hannunsa. Bai ɗora mini duka ba, ya ce shi ya sa hannu, kuma taku ashirin ba su fi ƙarfin ƙafarsa ba. Amma ya ce, "Kai kaɗai ne a ɗakin kake jin harsunan biyu ban da shi."

Na ɗauka daga nan sai a tara jama'a a ce an yi kuskure. Ashe ban san kwamiti ba, duk da shekara huɗu ina rubuta masa tarihi. Aka sake zama. Fada ya ajiye takardar a tebur, ya sa ni na fassara da kaina. Ciyaman ya ɗauka, ya sa tabarau, ya karanta har sau biyu kamar mai neman kuskuren rubutu. Sannan ya ce to, alhamdu lillahi, amma laifin tsohon ne da bai kawo ta ba. Ya ce kuma ko da izini, ɗaga hannun nan bai dace da mai muƙami ba. Ya ce abu mafi muhimmanci yanzu shi ne mutuncin kwamiti, don in jama'a suka ji kwamiti yana kuskure, gobe ba mai jin maganarsa. Waɗanda suka ɗaga hannu a baya duk suka gyaɗa kai, don mutuncin nasu ne ake magana.

Fada ya ce a rubuta an yi kuskure. Ciyaman ya ce a rubuta an yi sassauci. Aka yi awa biyu a kan kalma ɗaya, ninkin lokacin da aka ɓata wajen tsige mutumin har sau uku. Ciyaman ya tuna wa Fada, cikin ladabi, cewa rufin coci yana yoyo, kuma mutanen ƙarfe bakwai ne suka yi alkawarin kwano. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa, bayan sake nazari, kuma cikin ruhun jinƙai, an ɗage horon da aka yi wa tsohon katikis. Jinƙai! An mari mutum ba laifi, sannan an yafe masa. Ni na buga wannan ma, kuma na gyara waƙafi.

A sujadar Turanci Fada ya kauce wa takardar, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yi kuskure, ya hukunta dattijo bai ji shi ba. Na yaba masa. Sai dai mutanen ƙarfe bakwai ba su damu ba, rabinsu ba su san fuskar Baba ba. A sujadar Hausa, inda maganar take da amfani, surukin Ciyaman ne ya fassara, ya cusa ta tsakanin sanarwar sharar harabar coci da ta taron mawaƙa, ya karanta da sauri kamar ana korarsa. Shugabar mata ce ta tashi daga wurinta, ba wanda ya ba ta izini, ta taka har bencin baya ta ce da ƙarfi, "Baba, sun ce ba ka yi kome ba. Kunya ce ta hana su faɗa da Hausa." Ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaba.

Cikin makon Fada ya tafi Rafin Guza da ƙafarsa. Ban bi shi ba, 'yar Baba ce ta yi musu tafinta, ita ta ba matata labari. Ta ce ya cire takalmi ya zauna a tabarma ya nemi gafara, Baba ya ce ya yafe, har ya sa aka kawo masa fura. Da Fada ya roƙe shi ya koma aikinsa, sai ya ce a'a, ƙafafunsa sun gaji, kuma wanda aka ba yana bukatar lokaci ya koyi karatu. Daga ranar Fada ya fara zuwa wajensa koyon Hausa duk Laraba. Kafin a yi masa canji shi ma, yana iya yin wa'azi gajere ba tafinta, kuma na lura Ciyaman ya rage yin Hausa a gabansa.

Da damina ta zagayo Baba ya koma Rigachikun, inda surukinsa direba ya samo masa 'yar gona. Kwamiti ya shirya masa bikin sallama. Ciyaman ya zo da baƙaƙen kaya da takobi, ya yi jawabin rabin awa a kan amana da sadaukarwa, ya kira Baba ginshiƙin wannan coci, ya miƙa masa agogon bango a cikin kwali, aka ɗauki hoto. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. A shekarar aka sake zaɓen Ciyaman ba hamayya. Ni ban yi murabus ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Wa'adina ne ya ƙare, na ce aiki ya yi mini yawa.

Na je Rigachikun sau biyu. Na farko na tarar da shi yana ɓare masara, na fara kame-kamen neman gafara, ya ce ya ji, ya wuce, in miƙo masa butar can. Ya tambaye ni kowa da kowa a coci, har Ciyaman, wai ya ciwon ƙafarsa. Na biyu ban same shi ba, an ce ya tafi wani ƙauye jana'iza, don can ma sun gano ya iya jan addu'a.

Kwanakin baya aka gayyace ni wani biki a ƙetaren gada. Aka zaunar da ni tebur ɗaya da Ciyaman, ya tsufa, ya ƙara ƙiba. Ana cin shinkafa sai maganar auren Kirista da Musulmi ta taso, ya gyara zama ya ba mutane labarin wani tsohon katikis da aka taɓa yi a cocinsu, wanda jama'a suka taso masa a kan auren 'yarsa. Ya ce ba don shi ya tsaya tsayin daka ya ce a bi doka a yi bincike ba, da an zalunci bawan Allah. Mutane suna ta jinjina masa. Ya juyo ya nuna ni da cokali ya ce, "Ga sakatarena nan, a gabansa aka yi. Sakatare, ƙarya na yi?"

Duk teburin suka zuba mini ido. Na taɓa aljihu na ce ana kirana a waya, na tashi na fita waje.